Ƙasar da Ƙanena Ya Kwashe Daga Gonata

Albasa nake saya a kasuwar Malanbil ina lodawa zuwa Kwatano, kuma wanda ya daɗe a wannan sana'a ba ya yarda da bakin buhu. Manya a sama suke zama. Sai ka cusa hannu har hammata sannan ka san abin da mutum ya kawo maka. Haka na saba har abin ya bi jikina, ya biyo ni gida. In mutum ya gaishe ni da fara'ar da ta fi ta jiya, sai na tsaya na tambayi kaina me yake nema. Matata tana cewa ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa gindin kofi kafin in sha. Ba na yi mata musu. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ɗauka ruɗa ni aka yi a abin da zan ba da labari. Ba wanda ya ruɗe ni.

Da mahaifinmu ya rasu ya bar gonar shinkafa a fadamar Garu, ba nisa da gulbi. 'Yan'uwanmu mata suka karɓi rabonsu a wani wuri, gonar ta faɗo mana mu biyu, ni da ƙanena. Shi bai taɓa barin Garu ba. Manomi ne tun yana ƙarami, mutum ne mara yawan magana, irin wanda za ka tambaye shi abu da safe ya ba ka amsa da azahar. Da aka ja igiya aka raba gonar biyu, aka ce babba ya fara zaɓa, na ɗauki ɓangaren da ke bakin hanya don babur ya riƙa kai ni har ciki. Ƙanena ya ce to.

Gonar ba a miƙe take ba, nan tudu can kwari. Tsohonmu ƙananan fangali yake yi mata, wato gurabe zagaye da kunya don riƙe ruwa, karkatattu, kowane da tsayinsa, ruwa yana gangarawa daga wannan zuwa wancan. In an yanke shinkafa sai ya bar Fulani su kwana da shanunsu a ciki, kuma duk tokar gidanmu da sharar turke a can suke ƙarewa. Ni kuwa ina ganin wannan duk wahalar mutanen da ce. Na ga gonakin da aka gyara a wasu wurare, shimfiɗe kamar tabarma, na ce tawa ma haka za ta zama. Na ɗauko mai tarakta ya kwana uku yana kankare tudun. Ƙasar saman, baƙa mai laushi, ya ture ta gefe ta yi tsibi dogo a bakin iyaka. Abin da ya fito a ƙarƙashi wata ƙasa ce mai haske, sumul, ba ciyawa ba datti. Na tsaya ina kallo ina jin daɗi a raina.

Ina nan tsaye ƙanena ya zo, ya ɗebi baƙar ƙasar a hannu ya murza.

"Yaya, wagga ƙasa da anka tara, mi za ka yi da ita?"

Na ce hanya zan daddaɓe da ita, babur ya riƙa wucewa.

"Ai ita ag gona, Yaya. Maida ta inda take."

Na yi dariya. Na ce masa buhunan takin zamani suna jibge a shagona, na fari da na tsakuwa, ba ni da bukatar kashin shanun bara waccan. Can ya ce in dai ba na so, in ba shi. Na ce ya kwashe, ya ma rage mini aiki. Kusan mako biyu ya yi yana jigila da amalanken shanu yana bazawa a nasa ɓangaren. Duk lokacin da na zo na same shi sai na tsokane shi, in ce ga mai tallan ƙasa, nawa nawa ne. Yakan yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Noman rani muka yi. Wuri ɗaya muka yafa iri, daga nan kowa ya cire ya dasa. Injin ban ruwa nawa ne, na saya sabo, shi ke ba gonakin biyu ruwa. Mako biyun farko ba ka bambanta tawa da tasa. A na uku tawa ta fara wani iri. Ganyen ya fito da ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa, kamar an watsa masa jar ƙura. Sabon ganye yana fitowa fari-fari daga gindi. Shinkafar ta tsugune ta ƙi tashi, ta ƙi yin 'ya'ya, wani wuri ma sai ta riƙa ƙonewa tana barin fili. Ka ɗaga kai ka duba tsallaken kunyar iyaka kuwa, ta ƙanena ta yi kore shar har tana baƙi-baƙi. Iri ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya.

Mai takin na fara tuhuma. Shagonsa yana kusa da inda manyan motoci ke tsayawa, kuma kowa ya san ba duk buhun da ya tsallako gulbi ne yake ɗauke da abin da aka rubuta a jikinsa ba. Na ɗebo takin a leda na je na sa aka kawo mini ruwa a kwano, na zuba a gaban masu sayayya ina jira in ga yashi ya kwanta. Ya narke tas. Mutumin ya ce to Alhaji, ka gani. Na ce masa jabu mai kyau ma yana narkewa. Na haye gada na sayo wani a Gaya, garin da ke tsallaken gulbi, na ƙara wa gonar, ba abin da ya canja. Sai na koma kan 'yan ƙwadago, na ce rabi suke watsawa rabi su karkatar. Na bar kasuwa na je na tsaya a kansu da kaina har buhu ya ƙare. Na sa aka yi feshin maganin ƙwari alhali ko ƙwaro ɗaya ban gani ba. Na ƙara ruwa, na hana a bar gonar ta tsane ko na yini ɗaya. Duk abin da na yi sai tsatsar ta ƙara yaɗuwa.

A cikin kwanakin nan ƙanena ya zo ya tsaya a kan kunya ya daɗe yana kallon gonar. Ya ce in shi ne, zai sauke ruwan ya bar ƙasar ta sha iska kwana kaɗan. Na dube shi na ce shinkafar da ke mutuwa ce za a hana wa ruwa? Ya juya ya koma gonarsa.

A rumfar 'yan albasa abin ya shiga kaina. Ina ba da labarin gonar, wani abokin sana'a, dattijo, ya saurara har na gama, sannan ya rage murya ya ce, "Akwai wanda yat taɓa ɗibar ƙasa tata?" Bai ƙara ba, ya juya ya ci gaba da ɗinkin buhu. Ba sai ya ƙara ba kuwa. A wajenmu yaro ma ya san abin da ake yi da ƙasar sawun mutum, ko ta ƙofar gidansa, ko ta gonarsa. Ɗan kaɗan ake ƙullewa a tsumma a kai wa masu wannan aiki. Ni kuwa amalanke-amalanke aka kwashe tawa, ina tsaye ina dariya.

Daga ranar duk abin da ƙanena ya taɓa yi sai ya sake kama a idona. Me ya sa bai yi gardama ba da na ɗauki ɓangaren hanya? Ashe ya san abin da ya shirya. Me ya kai shi gona tun da asuba kafin kowa? Tsumman da ya ɗaura a kan sanda, na korar tsuntsaye ne ko na wani abu? Ga shi har da ba ni shawarar in janye ruwa, don ta ƙarasa mutuwa da hannuna. Shirunsa da na sani tun muna yara, wanda ban taɓa ganin aibinsa ba, yanzu ya zame mini shaida. Na ɗauki fartanya na tone kusurwa huɗu ta gonar ina neman abin da aka binne. Na sami wani guntun kasko, na naɗe shi a leda na kai gida kamar na kama ɓarawo. Matata ta juya shi ta ce wannan ai irin kaskon da ake zubarwa a juji ne, ƙila ma tun na kakarmu. Na ce mata ba ta san duniya ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na tafi Garu. Tsohuwarmu tana zaune a tsakar gida tana tsince wake, ƙanena yana gefe ya gama cin abinci yana wanke hannu. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duba fuskata ba. Na gaishe ta, ban gaishe shi ba.

Na ce, "Inna, tambai ɗanki ina yak kai ƙasag gonata."

Ƙanena ya ɗago. "Tana gonata, Yaya. Kai kab ba ni."

"Duka tana can? Ko akwai wadda tab bi wata hanya?"

Inna ta ajiye faifan a ƙasa a hankali. Ba ta dube ni ba, bango ta duba, ta ce, "Wanga, ka san abin da kaka hwaɗi kuwa? Ciki guda kunka hito."

Ƙanena ya share hannunsa a jikin riga. Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan. "Yaya, sammu kaka nuhi na yi maka?"

Na ce ni ban kira sunan komai ba, tambaya na yi, kuma mai gaskiya ba ya tsoron tambaya. Wannan amsa ita ta fi komai ƙona mini rai in na tuna, don na jefi mutum sannan na ɓoye hannuna. Ƙanena ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Kashegari da na je gona na tarar ya toshe hanyar ruwan da ke zuwa masa daga injina, ya aro wani tsohon inji mai hayaƙi ya ja nasa tiyon daga nesa. Na ce a raina, ka gani, mara gaskiya ya fara gudu.

Matata ce ta nemo malamar gona, ba da sanina ba. Mace ce matashiya da ke zagaya ƙauyuka a kan babur tana duba amfanin gona, mutane suna ce mata madam. Da malamar ta kira ni a waya ta ce za ta biyo ta Garu, abu biyu na sa a raina: ko dai wani magani take son sayar mini, ko ƙanena ne ya turo ta ta wanke shi. Na je ne don in kama ta.

Ta tuɓe takalmi ta shiga ruwan har ƙauri, ta tumɓuke gindi ɗaya ta wanke saiwar ta duba, ta juya ganyen. Ta shiga wani fangalin ta sake. Ta fara yi mini magana da yaren Dendi, da ta ji yadda nake amsawa ta koma Hausa.

"Alhaji, an kankare ƙasan nan ne?"

Na ce, "Wa yah hwaɗa maki?"

Ta ce ba wanda ya faɗa mata, launin ƙasar ne ya nuna, ga kuma yadda ciwon ya fi tsanani a inda tudu yake a da. Na duba, haka ne. Wuraren da taraktan ya fi ci su suka fi ƙonewa, ni kuwa wata guda ina kallon gonar ban lura ba, saboda idona yana tsallaken kunya.

Ta zauna a kan kunya ta yi mini bayani. Ta ce takin buhun da na zuba abinci uku ne manya a cikinsa, kamar tuwo ne ga shuka. Amma akwai wasu abubuwan da shuka ke bukata ɗan mitsitsi, kamar gishiri da kanwa a miya, in babu su ko tuwon ya kai tudu ba zai ciwu ba. Ta lissafa wasu, akwai ƙarfe, akwai wani boro, akwai zinki. Ta ce alamun da take gani na rashin zinki ne. Irin waɗannan abubuwa sun fi zama a baƙar ƙasar sama, wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ba, inda kashin dabbobi da toka da ruɓaɓɓen kara da laka ta ambaliya suka daɗe suna taruwa. In aka kankare ta an kwashe su. Ɗan abin da ya rage kuma, in ruwa ya kwanta a kai dare da rana, saiwa ba ta iya jawo shi.

Na ce wato ƙarfe zan ba shinkafa ta ci. Ta yi dariya ta ce ai ni ma yana cikin jinina. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba a auna ƙasar ba, amma in gwada: in sauke ruwan fangali ɗaya na 'yan kwanaki, in sami wani farin gari na zinki, in jiƙa kaɗan in fesa. Na tambaye ta ko ita ke sayarwa. Ta ce a'a, in nema a kasuwa. Sannan ta tambayi inda ƙasar da aka kankare take. Na nuna mata gonar ƙanena da haɓa. Ta duba ta ce, "Wannan ya san gona." Ta hau babur ɗinta ta tafi.

Ban yarda ba duk da haka. Na sayo garin da kaina a shagon da ba a san ni ba. Na zaɓi fangali biyu na sauke musu ruwa. Ɗaya na sa 'yan ƙwadago suka fesa a gaban kowa, amma ruwa zalla na zuba musu a tankin. Ɗayan, can ciki, na fesa da hannuna da tsakar rana lokacin da kowa ya tafi cin abinci, ban faɗa wa ko matata ba. Lissafina shi ne, in akwai mai hannu a cikin abin nan, zai warware aikinsa a fangalin da aka gani don a ce maganar madam ce ta yi, ni kuwa in kama shi.

Bayan kwana goma na je. Fangalin ruwa zalla ya ɗan farfaɗo, amma tsatsarsa tana nan. Na can ciki kuwa sabon ganye ya fito kore, gindin ya fara 'ya'ya. Na tsuguna na taɓa ganyen. Ban ji daɗi ba, Allah ya sani. Wata irin kunya ce ta rufe ni. Na yi ta neman wata ƙofar da zan bi in ci gaba da zargi, ban samu ba. Gaskiya ne albarkar gonata tana cikin ƙasar da ƙanena ya kwashe, amma ya ce in maida ta na ƙi, ya roƙa na ba shi, ya kuma faɗa mini in sauke ruwa na ce kashe ta yake so.

Na fesa sauran gonar. Ba ta dawo duka ba, an makara, abin da na yanka bai kai rabin nasa ba. Wannan bai dame ni ba. Wajen Inna na fara zuwa, na durƙusa na faɗi abin da na gani. Ta ce ba ita na yi wa ba. Na sami ƙanena a bayan gida yana ba shanunsa harawa. Na ce masa na yi kuskure, na zalunce shi, ya yafe mini. Ban taɓa faɗa wa wani mahaluki irin wannan magana ba.

Ya ce, "Ba komi, Yaya. Ya wuce."

Da wuri ya amsa, shi da ba ya amsa komai da wuri. Amma na karɓa, don ita nake son ji.

Da aka gama girbi sai ga shi da amalanke cike da takin shanu, ban roƙe shi ba. Ya shiga gonata ya sauke, muka baza tare, har ya nuna mini inda ya kamata a ƙara. Na ce a raina lallai ya wuce ɗin. Da muka gama ya ja shanun zuwa bakin iyaka, sai ya tsaya. Ya tsinci wani ɗan itace ya bi ƙafafun amalanken ɗaya bayan ɗaya yana kankare lakar da ta manne. Ya kankare bakin shebur. Sannan ya tuɓe takalmansa ya buga su da juna, ya share tafin ƙafarsa da hannu, duk a ɓangarena.

Na ce, "Mi kaka yi haka?"

Ya ce, "Ƙasakka ta, Yaya."

Shekara uku ke nan. Gonar ta fara yin duhu kaɗan-kaɗan, shanun Fulani suna kwana a cikinta bayan girbi. Ƙanena yana zuwa duk lokacin da na kira shi, wani lokaci ma ban kira ba. Yana cin abinci a gidana, 'ya'yansa suna kwana wurin nawa. Na roƙe shi ya bar wannan abu, na sa Inna ta yi masa magana, har rantsuwa na yi masa a kai. Sai ya yi murmushi ya ce ai ba wani abu ba ne. Amma har yau in zai fita daga gonata sai ya tsaya a bakin iyaka ya kakkaɓe takalmansa, ni kuma in juya baya in yi kamar ina duba injin ruwa har ya gama.